Darasi: Idan Ƴan Takara Suka Yi Yawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ƴan'uwa Musulmi, ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa ba ta inganta sai da sani. A zaɓen shugaban ƙasar Nijar na 1993 ƴan takara 8 ne. A na Disamba 2020 sun kai 30. Maƙwabtanmu na Kamba, a Najeriya, 73 suka tarar a 2019. Yaya dattijon Gaya da bai yi boko ba zai gane gwaninsa cikin wannan taro?

Muna da abin koyi. Sayyidina Umar (R.A.) ya bar al'amarin halifanci a hannun mutum shida. Aka rage su har saura Usman da Aliyu, sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya shawarci mutanen Madina. Zagaye na biyu, irin na 1993 da 2021, ya yi kusa da wannan hikima: a rage, sannan a tantance.

Saboda haka, duk ranar da za a koma zaɓe, muna kira da a yi takarda ɗaya mai manyan hotuna da alamomi, a manna samfurinta a kasuwa tun da wuri. Mu kuma mu koya wa iyayenmu yadda ake dangwalawa, ba tare da mun zaɓa musu ba. Allah Ya ba mu shugabanni adalai, amin.