Lambun Kew na Birnin Landan

Mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya ko lambun Kew wurin shaƙatawa ne kawai.

To malam, ya wuce haka nesa ba kusa ba, babbar cibiyar binciken tsirrai ce. Gimbiya Augusta ce ta kafa shi a 1759, UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. In Allah ya kai ka, kada ka wuce gidan gilashin itatuwan ƙasashe masu zafi. Abin da ya fi burge ni dai, ma'ajiyarsa ta busassun tsirrai kusan miliyan 7. Can ne Dakta Dalziel, wanda ya wallafa sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya yi aikin nazarin tsirran Afirka ta Yamma.