Daga Matamaye zuwa Zariya: sharuɗɗan mastar a fannin zane

Wani matashi ya rubuto daga Matamaye yana cewa: "Malam, na gama lisansi a fannin labarin ƙasa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Tun ina ƙarami nake zane, yanzu ma da shi nake ci: allunan shaguna, hotunan mutane, ado a jikin motoci. Ina so in je Zariya in yi mastar a zane. An ce mini in tara hotunan aikina kawai, da sun gani za su ɗauke ni. Haka ne?"

Ɗana, ba haka ba ne, kuma gara ka ji yanzu kafin ka kashe kuɗin mota. Zaɓinka dai yana da kyau. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya girmi jami'ar kanta: an kawo shi Zariya daga Ibadan a 1955, ita kuwa jami'ar a 1962 aka kafa ta. Daga gidanku hanya ce miƙaƙƙiya, Ɗan Barto, Kwangwalam, Daura, Kano, sai Samaru inda jami'ar take. Amma takardar gaba da digiri ba ladar iya zane ba ce. Shaida ce cewa mutum ya cika ƙa'idojin makarantar karatun gaba da digiri, kuma wanda zai fara buɗe takardunka a ofis ba zane zai duba ba.

Abin da zai duba shi ne digirinka na farko. Mastar ta aikin hannu, wadda ake kira MFA, an gina ta ne a kan digiri a fannin zane ko wani fanni na kusa da shi, da sakamakon da bai gaza aji na biyu ba. Kai kuwa labarin ƙasa ka karanta. Ga kuma bambancin tsari: lisansi a tsarin LMD da ake bi a Nijar shekara 3 ce, kiredi 180, alhali digirin Najeriya shekara 4 ne. Saboda irin wannan giɓi ne jami'o'in Najeriya suke da difloma ta gaba da digiri, PGD, wadda ba ta gaza zango biyu, aka yi ta don wanda ya sauya fanni ko sakamakonsa bai kai ba. Rubuta wa shugaban sashen, ka haɗa da kwafin lisansinka da hotunan aikinka, ka tambaye shi ƙofar da ta dace da kai a bana: difloma, ko komawa digirin farko daga tsakiya. Amsar ta zo a rubuce. Maganar baki a baranda ba ta tsaya wa kowa ranar tantancewa.

Takardu kuma suna da nasu aiki. Bak ɗinka da lisansi da takardar makinka duka da Faransanci suke, sai an fassara su zuwa Turanci a wurin mai fassarar da hukuma ta amince da hatiminsa, sannan a auna matsayinsu a ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja. Takardar maki jami'arka ce take aikawa kai tsaye. Ka tambayi kuɗin ɗaliban waje da batun izinin zama, tunda Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025.

Inda na fi jin tsoro ga yaranmu shi ne maki. A Damagaram ka saba da 10 bisa 20. Ka saba da cewa idan ka samu 8 a wannan darasi, 13 a wancan, muwayen ɗinka, wato matsakaicin makinka, za ta iya ɗauke ka, in kuma ta ƙi, akwai jarrabawar zagaye na biyu. Wannan sabo ka bar shi a Ɗan Barto. A karatun gaba da digiri a Najeriya makin tsira 50 ne bisa 100, kuma kowane kwas da kansa yake tsayawa. Wanda ya ci 80 a aikin fenti ya samu 45 a kwas ɗin dabarun bincike bai tsira ba. Zai sake kwas ɗin, sau da yawa sai shekara ta zagayo. Masu hannu mai kyau su ne suka fi faɗawa wannan rami, domin suna kwana a ɗakin zane suna raina ajin da ake karanta tarihin fasaha da hanyar bincike. Halartar aji ma ana ƙirga ta: ƙa'idar da aka saba ita ce kashi 75 bisa 100 kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Idan kana da niyyar riƙa komawa Matamaye duk ranar kasuwa don kada abokan ciniki su watse, ka yi lissafin nan tun yanzu.

Sai rubutu. Ba a ba da MFA da baje kolin hotuna kaɗai. Za ka gabatar da ƙudurin bincike a gaban malaman sashe, a naɗa maka masu duba aiki, ka yi aikin hannun, ka rubuta rahoton da ke bayyana matsalar da ka ɗauko da hanyar da ka bi da abin da ka gano, sannan ka kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Duka da Turanci. Kada ka ce ai Zariya ƙasar Hausa ce. Hausa za ta kai ka kasuwar Samaru, ba za ta rubuta maka babi na biyu ba. Ka ba Turanci aƙalla wata shida na karatu da gaske kafin ka nemi gurbi. Kada kuma ka ba wani ya rubuta maka ko ka kwaso daga intanet, ana sa rubutu a manhajar gano sata, hukuncin kuwa yana iya kaiwa ga kora.

A batun binciken ne kuma kake da abin da ɗan Legas ba shi da shi. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, sun yi suna ne da cewa mai zane ya haɗa abin da ya koya a aji da abin da ya gada. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo. Kai kana da adon bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram, da aikin dukawa, da zayyanar allo. Karatunka na labarin ƙasa ma zai yi maka rana wajen zana taswirar gidajen da bin diddiginsu. Fara yanzu: ɗauki hoto, rubuta rana da unguwa, zauna da magina ka ji sunan da suke kiran kowane ado. Kowane aiki naka ma ka riƙa ɗaukar hotonsa daga zanen fensir har gamawa, domin masu jarrabawa suna tambayar yadda aka kai ga hoto.

Kowane shirin karatu yana da wa'adin da ba a wucewa, kuma ana sabunta rajista kowace shekarar karatu ko da rubutu kaɗai ya rage. In rashin lafiya ko rashin kuɗi ya tsayar da kai, nemi ɗage karatu a rubuce, ka riƙe kwafin amincewar. Ranar da ka yi rajista ka nemi kundin dokokin makarantar na shekarar, shi za a yi maka hukunci da shi.

Kafin duk wannan, ka je ko ka rubuta wa ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai, ka tambayi matsayin da za a ba takardar idan ka dawo da ita. PGD ba mastar ba ce, kuma in aikin gwamnati ko koyarwa a jami'a kake nufi, ka san tun yau cewa hanyarka na iya ɗaukar shekara 3 ko fiye, ka tanadi guzurinta.