An rufe asusun, an ce ki ɗaukaka ƙara: ki tsaya tukuna

Shagon kwamfuta nake da shi a Kontagora. Rajistar jarrabawar JAMB, cike fom ɗin makaranta, buga takardu, sai kuma aikin da ya fi cin lokacina a 'yan shekarun nan, wato taimaka wa waɗanda aka rufe wa shafi ko aka ƙwace musu shi. Mai sayar da atamfa da aka dakatar mata da Facebook, dillalin hatsi da aka shige wa WhatsApp, duk waɗannan tun daga bakin ƙofa suke faɗin abin da ya kawo su. Akwai wata buƙatar kuma da ba a faɗinta sai an ga shago ya watse: an rufe wani asusu a dandalin da ake biyan kuɗi duk wata don kallon hotuna da bidiyon batsa, ana so in rubuta wasiƙar Turanci a buɗe shi.

Ba na rubuta wannan wasiƙar. Addinina bai yarda da sana'ar ba, ni ma ban yarda da ita ba, kuma ina faɗa wa mai buƙatar haka ido da ido. Amma ba na korar kowa kafin in saurare shi, kuma sauraron ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancin waɗanda suka zo mini da wannan magana ba su taɓa ɗora hoto ko ɗaya a dandalin ba. Wasu ma ba su san me ake sayarwa a cikinsa ba. Sunansu ne kawai a kai, da katinsu, da fuskarsu.

Sai an san yadda waɗannan kamfanoni ke aiki za a gane tarkon. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne OnlyFans, da aka kafa a Landan a 2016. Mai kallo ya biya, kamfani ya cire kashi 20 cikin ɗari, mai asusu ya ɗauki kashi 80. Kuɗin kuwa ta katin banki suke shiga, don haka bankuna da kamfanonin kati ne ke riƙe da wuyan harkar. A Disambar 2020, bayan jaridar New York Times ta fallasa cewa akwai bidiyon ƙananan yara da na fyaɗe a shafin Pornhub, Visa da Mastercard suka janye daga shafin, shi kuma ya sauke miliyoyin bidiyon da ba a tantance masu ɗora su ba. A 2021 Mastercard ta kafa sharaɗin cewa dole a tabbatar da shekaru da amincewar duk wanda ya bayyana a irin waɗannan hotuna. A watan Agustan shekarar OnlyFans ya sanar da cewa zai haramta batsa saboda matsin bankuna, sannan ya janye maganar cikin mako guda. Shi ya sa ba a buɗe asusun karɓar kuɗi sai da katin shaida na gwamnati, da hoton fuska da za a gwada da na katin, da asusun banki mai suna iri ɗaya. Wanda ke son cin kuɗin harkar amma ba ya son a ga sunansa, ko wanda ke sayar da hotunan da ya sato, dole ya nemo katin wani da fuskar wani.

Nan ne abin ya iso garinmu. Ɗaliba tana zaune a ɗakin kwanan makaranta, ko budurwa tana gida ta gama sakandare babu abin yi, sai saƙo ya shigo ta WhatsApp ko Telegram, sau da yawa ta hannun ƙawar da ta yarda da ita: akwai aikin intanet, ba sai kin fita ba, katinki kawai za ki turo, ki buɗe wannan mahaɗin ki juya fuska dama da hagu, a tura miki 'yan dubbai. Wata an ce mata tallafi ne, wata an ce rajistar kamfanin talla ce. Ta yi, an biya ta, ta manta. Can wani wanda ba ta taɓa gani ba yana gudanar da asusu da sunanta, yana ɗora abin da ya ga dama, yana hira da masu biya a matsayin ita.

Irin wannan asusu ba ya daɗewa. Na'urar kamfanin kan lura cewa fuskar da ke cikin hotunan ba ita ce ta katin ba, ko ana shiga daga wurare daban-daban, ko wani ya kai ƙorafi cewa hotunansa ne aka sace. Sai a dakatar da shi, a riƙe kuɗin da ke ciki. A ranar ne mutumin da ya yi watanni bai neme ta ba zai dawo da zaƙin baki.

Wata yarinya ta zo mini a daidai wannan gaɓar, hijabinta har ƙasa, wayarta a hannu. Ta ce, "Malam, sun ce kuskure aka yi aka rufe. In na sake yin hoton fuska na tura wasiƙar nan, za su ba ni rabin kuɗin da ke ciki."

Na karanta wasiƙar da aka rubuto mata. Na ce, "Ƙanwata, kin san me wannan layin yake cewa? Cewa yake ke ce mai asusun, ke kaɗai ke shiga, kuma duk abin da aka ɗora ke kika ɗora shi da yardarki."

Ta ce, "Wallahi ban taɓa shiga ba."

Na ce, "To kada ki sa hannu a kan cewa kin shiga."

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Ɗaukaka ƙara a irin wannan dandali shaida ce da mutum ke bayarwa a kan kansa. Kamar ka tsaya wa baƙo a kasuwa ne a ba shi rumfa, ba ka san abin da yake sayarwa ba, ranar da aka kama kaya sai ya turo ka gaban Sarkin Kasuwa ka ce rumfarka ce. Rajistar farko ana iya cewa yaudararki aka yi. Wasiƙar ɗaukaka ƙara kuwa, da sabon hoton fuska, da kwanan wata, ke ce kika tabbatar da bakinki bayan an sanar da ke akwai laifi. In a cikin abin da aka ɗora akwai hoton yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, magana ta wuce ta rufe asusu. Sashe na 23 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗauri a kan hotunan batsa na yara, kuma kamfanonin kan miƙa irin wannan rahoto ga hukuma. Sunan da ke kan katin shi za a fara nema.

Ita kanta hanyar ɗaukaka ƙarar ba wani sirri ba ce, kuma kusan iri ɗaya ce a ko'ina, har a Facebook da TikTok inda nake taimaka wa 'yan kasuwa kullum. Kamfani kan turo saƙo ta imel ɗin da aka yi rajista da shi, ya faɗi ƙa'idar da yake ganin an karya. Ana mayar da bayani ta fom ɗin da ke shafin kamfanin, cikin wa'adin da ya gindaya, kuma kyauta ne. Abin da take iya gyarawa kuskuren takarda ne: katin da wa'adinsa ya ƙare, hoton da bai fito ba, ko matsalar nan tamu ta suna, inda katin ɗan ƙasa ke cewa Aishatu, banki na cewa Aisha, takardar makaranta kuma ta juya sunan uba ya koma gaba. Ba ta wanke asusun da aka buɗe da katin wani, ko wanda aka ɗora hoton mutum ba da izininsa ba. Duk wanda ya ce miki yana da hanya a kan wannan, ƙarya yake.

Masu wannan ƙaryar kuwa suna da yawa. Da zarar mutum ya rubuta a wani zaure cewa an rufe masa asusu, za su yi masa caa: wannan ya ce yana da ɗan'uwa a cikin kamfanin, wancan ya ce shi gwanin kutse ne. Za su nemi kuɗin somin-taɓi, sannan lambar sirri, sannan lambobin nan shida da ake turowa ta waya. Mai shafin atamfa in ta faɗa hannunsu, kuɗi da shafi ta rasa. Wanda asusunsa ke dandalin batsa kuwa ya miƙa musu abin da ya fi kuɗi, domin yanzu sun san sunansa, sun san garinsu, sun san abin da yake ɓoyewa. Maza ma ba su tsira ba. Na ga magidanci da ya yi rajista a matsayin mai kallo da katin bankinsa, aka dakatar da shi, ya nemi mai buɗe masa, ya wayi gari ana yi masa barazanar tura wa matarsa da surukansa hoton shafin in bai biya ba. Ya biya sau ɗaya, aka dawo. Haka suke yi, wanda ya biya sun san yana da abin biya kuma yana jin tsoro.

Wannan sana'ar tatsar kuɗi da barazanar tona asiri ta yi ƙarfi a ƙasar nan har ta jawo mana ido daga waje. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda ita. A Satumbar shekarar wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas, Samuel da Samson Ogoshi, shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa a 2022 sakamakon barazanarsu. Ina kawo wannan ne don a san tsoron tonon asiri yana kisa, kuma masu yin barazanar ana kama su.

Wasiƙar da nake rubutawa, kuma ba na karɓar ko kobo a kanta, ita ce ta neman a rufe asusun har abada. A cikinta yarinya za ta faɗi gaskiya yadda take: wane ne ya tuntuɓe ta, me ya ce mata, yaushe ta ba da katin, cewa ba ita ke gudanar da asusun ba, ba ta neman kuɗin da ke ciki, tana so a rufe shi kada a sake amfani da bayananta. Kafin a tura, a ɗauki hoton duk hirar da aka yi da mutumin, da lambarsa, da shaidar kuɗin da ya turo, kada a goge komai don kunya. In an haɗa da asusun bankinta, ta je bankin da ƙafarta ta sanar. Sashe na 22 na Dokar Laifuffukan Intanet ya haramta yin sojan gona da bayanan wani, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta bai wa mutum damar janye izininsa da neman a goge bayanansa. Rundunar 'yan sanda na da cibiyar yaƙi da laifuffukan intanet a Abuja, hukumar NAPTIP ma tana karɓar ƙorafin cin zarafi irin wannan. Tun da ita ce ta miƙa katin da hannunta, nakan ba da shawarar a fara ganin lauya kafin a je ofishin 'yan sanda. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

In kuma hotonta ne na gaske ya fita, wanda tsohon saurayi ko tsohon miji ko mai gyaran waya ya kwafa, akwai shafin StopNCII da aka buɗe a 2021 don manya, da Take It Down na 2023 don hotunan da aka ɗauka mutum bai kai shekara 18 ba. Hoton ba ya barin wayar. Shafin yana ciro masa wata lamba ce ta musamman, ya rarraba wa kamfanonin da suka shiga tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok da OnlyFans, su riƙa tare shi in an zo ɗorawa. Ba ya share intanet gaba ɗaya, kuma ba ya shiga wayoyin mutane, amma yana toshe manyan ƙofofi. Hoton ƙaramar yarinya kuwa kada wanda ya tura wa wani, ko da sunan neman taimako ne.

Abin da ya fi ba ni wahala ba rubutun ba ne, shawo kan yarinyar ne ta gaya wa wani babba a gidansu. A gari irin Kontagora, inda kowa ya san gidan kowa, kuma magana ɗaya ke fasa auren da aka sa wa rana, yarinya ta gwammace ta sayar da wayarta ta biya ɗan damfara da ta tsaya gaban mahaifinta. Ɗan damfarar ya san haka, da shi yake ciniki. Iyaye, in 'yarku ta zo muku da wannan magana, ku sani sai da ta yi kwanaki ba barci kafin ta buɗe baki. Faɗan zai iya jira. A fara adana shaida, a daina amsa wa mai barazana, a daina biya, a samu wanda zai raka ta inda za ta je. Na ga uban da ya zo da 'yarsa da kansa, ya zauna a benci har muka gama, abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, a yi abin da ya dace." Daga ranar da mai barazanar ya gane uban ya sani, bai sake kira ba.

Mu ma masu shaguna da hannunmu a ciki. Kwamfutocinmu cike suke da hotunan katin ɗan ƙasa, da takardun NIN, da hotunan fasfo na ɗaliban da suka zo rajista suka tafi. Masu neman katin wani sun san da haka, kuma yaron shago da ake biya kaɗan ba shi da wuyar saya. A shagona duk takardar da aka ɗauka ana goge ta a gaban mai ita kafin ya tashi, daga kwamfuta da kuma wayar da aka turo ta, kuma ba na barin yaro ya yi wa kowa hoton fuska a wani mahaɗin da ban buɗe na karanta da idona ba. Ina roƙon abokan sana'a daga nan har Rijau da Mariga su duba manyan fayilolinsu a daren nan.