HIMA: HURUMIN JAMA'A DA HAƘƘINSA A BAITULMALI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Hima, a harshen Larabci, ita ce ƙasar da shugaba ya killace domin amfanin jama'a, watau hurumi. A zamanin jahiliyya mai ƙarfi shi ke killace makiyaya saboda garkensa kaɗai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke wannan al'ada, ya keɓe Naƙi'u, a yankin Madina, domin dawakin Musulmi.

Sayyidina Umar kuma ya killace Rabaza. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Umar ya naɗa wa hurumi mai tsaro, Hunayyu, ya umurce shi da ya gabatar da masu 'yan dabbobi kaɗan a kan attajirai. Hujjarsa ita ce, attajiri in ya yi hasara ya koma ga gonarsa, amma talaka sai ƙofar Halifa. Ciyawa da ruwa kuwa sun fi zinariya da azurfa araha ga baitulmali.

To, a shekarar 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo. Amma doka ba ta tsaron daji. Sai da ma'aikata, da alamun iyaka, da mashaya, kuma duka da kuɗi ake yin su. Duk ƙaramar hukumar da ta karkatar da wannan kaso, gonaki za su cinye burtali, rigimar manoma da makiyaya ta biyo baya, a kashe ninkin abin da aka hana.

Saboda haka kuɗin hurumi amana ne a wuyan shugabanni, tambayar inda ya shiga kuwa haƙƙin talakawa ne. Allah Shi ne Masani.