Tunatarwa ga 'Yan'uwa a kan Alƙalami da Hutun Zuciya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya yi daɗin tsira da aminci ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halitta alƙalami, Ya yi rantsuwa da shi, Ya ambace shi cikin farkon abin da Ya saukar ga fiyayyen halitta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da bai yi rubutu da hannunsa ba, amma dukkan tawadar malamai daga koginsa aka ɗebo ta.

Amma bayan haka, wannan tunatarwa ce daga bawa mai rauni, mabuƙaci zuwa ga rahamar Ubangijinsa, zuwa ga 'yan'uwa na ɗariƙa da ke Samaru da Sabon Gari da abin da ke kewaye da su na ƙasar Zazzau. Dalilin rubuta ta shi ne kuka ya yawaita gare ni bayan wazifa. Wani ya ƙare karatun jami'a, takardarsa tana cikin akwati, babu aiki. Wani yana wuni a rumfa cikin kasuwar Sabon Gari, ya samu na abinci, ya rasa na zuciya. Kowa cikinsu yana cewa ƙirjinsa ya ƙuntata, bai san abin da yake yi a duniya ba, wuridinsa kuma ya koma motsin harshe babu ɗanɗano. To, ku sani, bayan tuba da salla cikin lokacinta da tsare lazimi safe da maraice, ban san wani magani mafi kusa ga wannan ciwo ba kamar riƙon alƙalami da niyya mai kyau. Na kasa maganar fasali huɗu. Allah ne abin neman taimako.

Fasali na farko, cikin bayanin dalilin da ya sa rubutu ke warkar da ƙunci

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya yi mana dace da kai, zuciya kamar ruwan randa take. In aka yi ta dama ta, laka ta tashi, ba ka ganin ƙasanta. Mafi yawan ƙuncin da muridi ke ji, tunani ne masu yawa da ke kai da komo ba su da suna, ba su da iyaka. Harshe yana da gaggawa, yana iya ambaton Allah sau ɗari zuciya tana kasuwa. Hannu kuwa ba ya iya haka. Mai rubuta baƙi ɗaya dole idonsa ya tsaya, hannunsa ya natsu, hankalinsa ya halarta, in ba haka ba ya ɓata takarda. Domin wannan ne iyayenmu suka fara mu da allo tun ba mu san dama da hagu ba. Yaron da ya feƙe alƙalaminsa, ya dama tawada da ƙaro, ya zuba a kurtu, ya wanke allo ya jira ya bushe, an koya masa haƙuri tun bai kai ga harafi ba.

Kuma ka sani, jin daɗin da nake nufi shi ne natsuwar bawa da ya san ranarsa ba ta tafi banza ba. Nafsu in ba a ba ta aiki ba ita ce ke ba mutum aiki. Wanda ya kwanta ya san ya bar shafi ɗaya na alheri da babu shi jiya, barcinsa daban yake da na wanda ya ƙare darensa yana murza waya yana kallon abin da ke hannun mutane.

Fasali na biyu, cikin labarin waɗanda ƙunci ya same su suka koma ga alƙalami

Na farkonsu Imamu Gazali, Allah Ya yarda da shi. Yana karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, sarakuna suna girmama shi, sai ya duba niyyarsa ya ga son girma ya gauraya da ita. Harshensa ya ɗaure har ya kasa ba da darasi. Ya bar garin a shekara ta 488 bayan Hijira, daidai da 1095, ya nufi Sham da Ƙudus da Makka. Cikin waɗannan shekaru na kaɗaita ya rubuta Ihya'u Ulumiddini, daga baya kuma ya rubuta labarin ciwonsa da warkewarsa cikin Munƙizu minad Dalali. Ya rasu a 1111, har yau ana shan maganin da ya haɗa wa kansa.

Na biyunsu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙan su. Wajen shekara ta 1807, ana tsakiyar jihadi, ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, zuciyarsa ta ƙi, ya fita da niyyar gabas. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya. Nan ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami domin masu hukunci su san iyakar Shari'a, sa'an nan ya koma. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati tare da bayanin halin da yake ciki sa'ad da ya yi kowace. Ka duba, ɓacin ran da zai iya zama gaba da rabuwa, alƙalami ya mai da shi ilimi.

Na ukunsu daga ƙasarmu ne, Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Batijjane, wanda ya hau sarauta a 1903. Ya ga zuwan Nasara, ya ga shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda a gefenta Sabon Garin nan ya tsiro, ya sanya abin da ya gani cikin waƙa, kamar Waƙar Diga da Tabarƙoƙo. Nasara suka tuɓe shi, suka kai shi Lokoja, can ya rasu a 1924. Rawani ya tafi, dawaki sun tafi, amma waƙoƙinsa ana karanta su a jami'a a Samaru.

Na huɗunsu Malam Aliyu Namangi, makaho tun yana ƙarami, shi ma na Zazzau. Bai ga baƙi da idonsa ba, yana shiryawa cikin zuciya, wasu suna rubutawa. Ya sa wa babbar waƙarsa suna Imfiraji, ma'anarsa yayewar ƙunci. Aka buga ta a Zariya, makafi suka hardace ta suna rerawa ƙofa ƙofa, mata suna ji daga cikin gida suna koyon addini. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1990. To, ya kai mai ido biyu da hannu lafiyayye, mene ne hanzarinka?

Fasali na uku, cikin rubutu uku da nake horon muridi da su

Na farko, kwafa. Ka zaɓi littafin da malaminka ya karanta maka, ko Ahalari, ko Ishmawi, ko Risala, ko Ishiriniya, ka riƙa kwafar shafi ɗaya kowace rana bayan lazimin safe, kana da alwala, kana fuskantar alƙibla in ya sauƙaƙa. Shafi ɗaya a rana shafi 354 ne a shekarar wata. Mai rubuta Alƙur'ani kuwa, izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. In ya lazimci sumuni ɗaya a rana ya sauke cikin shekara ɗaya da wata huɗu da 'yan kwanaki. Kada ka ce injin buga littafi ya ɗauke maka wannan. Injin ya ɗauke wa mutane wahalar neman littafi, bai ɗauke wa zuciyarka buƙatar horo ba. Littattafan kakanninmu da aka tattara a Samaru tun bayan kafa jami'a a 1962, da yawansu a kan takarda mai alamar wata uku suke, wadda ake kawowa daga ƙasar Italiya ta hamada bisa raƙuma. Da tsadarta da wuyarta suka cika gafaka. Mu kuwa takarda tana zube a kowane kanti.

Na biyu, muhasaba, wato yi wa kai hisabi. An ba Harisu Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, wannan laƙabi domin yawan yi wa kansa hisabi. Shehu Muhyiddini ɗan Arabi kuma ya ba da labarin wasu shehunansa na Andalus da ke rubuta abin da suka faɗa da abin da suka aikata, bayan lisha su buɗe su duba, abin godiya su gode, abin tuba su tuba. Ka nemi ɗan littafi, kowane dare ka rubuta layi uku. Layin farko ni'ima ɗaya da ta same ka yau, ka ambace ta da sunanta, ko da ruwan sanyi ne ko lafiyar ɗanka. Layi na biyu wurin da nafsu ta rinjaye ka. Layi na uku abu ɗaya da za ka gyara gobe, ƙarami wanda za ka iya, kamar gai da maƙwabcin da kuka yi sanyi, ko cika mudu. Amma ka kiyaye, zunubin da Allah Ya rufa maka kada ka fayyace shi a takarda, ka yi masa alama da kai kaɗai ka sani, domin tona asirin kai bayan Allah Ya rufa abin hani ne. In ka cika kwana 40 ka koma farko ka karanta. Za ka ga ni'imomi sun rinjayi abin da kake kuka a kansa, za ka kuma ga ƙofa ɗaya ko biyu ce Shaiɗan yake shigo maka kullum. Wanda ya san ƙofar ɓarawo ya kusa kwana lafiya.

Na uku, rubutun amfanar da wani. Abin da muka sani na maganar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, mafi yawansa ta hannun almajirinsa Sidi Ali Harazimi ya iso mana cikin Jawahirul Ma'ani. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta suna ɗauka suna kai wa matan ƙauye. Kai ma ka rubuta mas'alar da ka ji a majalisi, ka kai wa malam ya duba, sa'an nan ka karanta wa iyalinka. Ka rubuta wa tsohon da bai iya ba wasiƙa ko wasiyya. Ka rubuta bashin da ke tsakanin 'yan'uwa biyu domin kada ya zama husuma, Alƙur'ani ya yi umurni da haka cikin aya mafi tsawo. Ko da ajami ko da boko, duk wanda mai karatu zai gane shi ne daidai. Wannan horo ya haɗa maza da mata.

Fasali na huɗu, cikin cututtukan alƙalami

Ka sani kowane magani yana da abin da ke ɓata shi. Na farko riya, wato ka rubuta domin a ce wane ya iya. Alamarta ka ji zafi in ba a yaba ba, ko in an yaba wa wani. Na biyu ujubu, ka ga kanka sama da ɗan'uwanka da bai iya rubutu ba, alhali wataƙila hawayensa ɗaya cikin sujada ya fi tawadarka nauyi. Na uku yaɗa mafarki da abin da ya ɗarsu a zuciya lokacin zikiri. Wannan muƙaddaminka kaɗai ake kai wa, domin iri in aka tone shi ana dubawa ba ya tsiro. Na huɗu, kuma shi ne mafi muni, sanya alƙalami cikin mutuncin Musulmi, ko zagin wata ɗariƙa, ko jingina wa Annabi da shehunai abin da ba su faɗa ba. Maganar baki iska tana iya ɗauke ta, rubutu kuwa yana zama bayan mai shi ya shiga kabari, ana karantawa ana ƙara masa. Na biyar, rubutu ya cinye lokacin salla ko wuridi ko haƙƙin iyali. Alƙalami bara ne ga waɗannan, bara kuwa ba ya zama a shimfiɗar ubangidansa.

Cikawa

Ya 'ya'yana, kada ɗayanku ya jira sai ya samu aiki, ko sai zuciyarsa ta yi fari, sa'an nan ya fara. Farin yana zuwa ne cikin aikin. Ka fara daren yau da layi uku, gobe da shafi ɗaya, ka dawwama ko da kaɗan ne, domin aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa. Ka tuna kuma akwai marubuta biyu masu daraja a dama da hagunka waɗanda ba su gajiya, littafinsu za a miƙa maka ranar da babu gyara. Mai hankali shi ne wanda ya karanta nasa tun yana da ikon gogewa da tuba.

Ya Allah Ka tsarkake niyyarmu, Ka buɗe ƙirazanmu, Ka sanya abin da hannuwanmu suka rubuta hujja gare mu, kada Ka sanya shi hujja a kanmu. Ka jiƙan malamanmu da iyayenmu da duk wanda ya koya mana harafi. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa don Allah ya sa marubucinta cikin addu'a.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.