Darasi na 14: Daga Raɓar Dagona Zuwa Fiffiken Jirgin Sama

Ya kai ɗalibi, idan ka ziyarci dausayin Dagona, tsakanin Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe, da sassafe a lokacin hunturu, za ka iya tarar da raɓa a kan ciyawar bakin ruwa. Daga ina ta zo, alhali ba a yi ruwan sama ba?

Iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani. Da dare ƙasa da ciyawa sukan saki zafin da suka sha da rana, su yi sanyi. Idan iska mai danshi ta taɓa su, sai tururin ya koma ɗigon ruwa. Wannan ita ce raɓa.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar na Turai, inda tsuntsayen Dagona da yawa suke fitowa, sanyin yakan kai ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Salshiyas. A nan tururin yakan daskare kai tsaye, ya zama farar ƙanƙara mai kama da garin gishiri. Takan kwanta a kan jiragen saman da suka kwana a fili.

Ka lura da sharuɗɗa huɗu. Na farko, sararin sama ya kasance babu gajimare, domin gajimare kamar bargo yake, yana tsare zafi. Na biyu, iska ta lafa. Na uku, a sami danshi. Na huɗu, jikin jirgin ya yi sanyi ƙasa da digiri 0. Wani lokaci man da ke cikin fiffike shi ke sanyaya shi, idan jirgin ya daɗe yana tafiya can sama.

Me ya sa wannan yake da hatsari? Jirgi yana tashi ne saboda iskar da ke bi ta kan fiffikensa mai santsi. Ƙanƙara, komai ƙanƙantarta, takan sa fiffiken ya yi kaushi, ƙarfin ɗagawa ya ragu. Ranar 13 ga Janairu, 1982, wani jirgin kamfanin Air Florida ya faɗa kogin Potomac a Washinton ta Amurka, mutum 78 suka rasu. Ƙanƙarar da ta taru a fuka-fukinsa tana cikin dalilan hatsarin. Saboda haka ake fesa wa jirgi ruwan zafi haɗe da sinadari kafin ya tashi.

A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano kuwa, hazon hunturu ne yakan hana jirage sauka da tashi.

Tambayoyi
1. Yaya raɓa take samuwa?
2. Kawo sharuɗɗa huɗu na daskarewar tururi a jikin jirgi.
3. Yi jimla da kowace kalma: danshi, kaushi, gajimare, hazo.