DARASI: RUWAN ALWALA DA RUWAN SHA A LOKACIN KWALARA



'Yan uwa, makon jiya jana'iza biyu muka yi daga gida ɗaya, yaro ɗan shekara huɗu da kakarsa, duka amai da gudawa. Bayan sallar Asuba wani dattijo ya tare ni ya ce: "Liman, rijiyar gidan nan da ruwanta muke alwala, launinsa bai canza ba, warinsa bai canza ba. Ta yaya za a ce ita ce?" Na ce masa: Baba, tambayarka ta cancanci darasi.

A fiƙihunmu, ana duba launi da ɗanɗano da wari kafin a ce ruwa ya halatta a yi tsarki da shi. Wannan hukunci ne na ibada. Amma ƙwayar kwalara ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta. Ruwa zai iya zama garai-garai, alwala ta inganta da shi, a sha kuma a kwanta.

Daga ina take zuwa? Daga kashin mai ɗauke da ita. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa nuna alama, amma suna fitar da ita kwanaki. Da damina, ruwan sama kan kwaso ƙazantar masai da ta bayan gida a fili ya zuba a rijiya. Ƙuda ma yana ɗauka, hannu ma yana ɗauka. A 2021 kaɗai, ta hallaka fiye da mutum 3,000 a Najeriya, kuma jihohinmu na Arewa ne suka fi jin jiki.

To, abin yi:

1. Bayan tsarki da buta, a wanke hannu da sabulu. Ruwa zalla bai wadatar ba.
2. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, a rufe randa, moɗa ɗaya mai tsafta.
3. A walima da zaman makoki, a daina tsoma hannu cikin kwano ɗaya. A zuba wa kowa ruwa.
4. Masu wankan gawar wanda kwalara ta kashe su nemi jagorancin ma'aikatan lafiya.

Idan gudawa ta zo kamar ruwan wankin shinkafa, kar a jira gari ya waye; ƙarewar ruwan jiki kan kashe cikin awoyi. A fara ba da ORS nan take. In babu, a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi har a isa asibiti. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono.

Riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Limamai 'yan uwana, mu fara da kewayen masallatanmu, a ajiye sabulu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Wallahu a'alam.